Cire ABS Daga Tsohuwar Mota Ba Tare da An Kashe Birki Ba

Duk wanda ya saba shiga motocin haya tsakanin Isa da Sabon Birni, ko ya taso daga Turba ya nufi kasuwar Shinkafi, ya san 'yar fitilar nan mai ruwan ɗorawa da ke gaban direba, mai haruffa uku, ABS. A cikin Golf da Sharon da ke bin hanyoyinmu, akwai waɗanda fitilar ta shekara tana ci babu wanda ya kula ta. Wani ma ya liƙe ta da baƙin tef don kada ta dame shi da dare.

Motar yayana ce ta sa na nutsu a kan wannan magana. Golf 3 ce, ta Kwatano. Da damina ta fara wani hali: idan ya zo tsayawa a hankali, kamar a bakin shingen jami'an tsaro, sai fedar birki ta riƙa kakkarwa a ƙarƙashin ƙafarsa, motar ta ƙara gaba kaɗan kafin ta tsaya. Bakaniken da ya fara dubawa ya ce, “Alhaji, a zare ABS ɗin kawai a huta, wannan abin ba don hanyoyinmu aka yi shi ba.” Allah ya sa aka nemi wani ya ƙara dubawa. Ashe kan shaf ɗin da aka sauya wa motar watanni biyu kafin nan na hannu ne, kuma zoben haƙoran da ke jikinsa ya tsage. Aka sauya shi, birki ya dawo daidai. Da an bi shawarar farko, da an ɓarke lafiyayyen birki saboda zobe guda.

Ban ce maganar bakaniken nan ba ta da tushe ba. A kan yashi da burji mai tsakuwa, tayar da ta ƙulle takan tara ƙasa a gabanta ta dafe, saboda haka motar da ba ta da ABS takan riga mai shi tsayawa. Direbobinmu sun ga wannan da idonsu. Amma tayar da ta ƙulle ba ta jin sitiyari. Kana murzawa, motar tana tafiya inda nauyinta ya nufa. Idan saniya ta faɗo maka a kwalta, ko ɗan acaɓa ya yanko maka daga lungu, abin da kake bukata shi ne ka taka birki kuma ka kauce a lokaci guda, kuma don haka aka ƙirƙiri na'urar. Kamfanin Bosch da Mercedes-Benz suka fito da ita kasuwa a 1978, daga 2004 kuma sabbin ƙananan motocin da ake sayarwa a Tarayyar Turai duk da ita suke fitowa. Shi ya sa kusan duk motar da ta sauka a Kwatano ta biyo ta Maraɗi ta shigo mana tana ɗauke da ita. A Ingila da Jamus, motar da wannan fitila ke ci ba ta tsallake gwajin lafiyar mota.

Aikin na'urar ba shi da sarƙaƙiya. A kowace ƙafa akwai zobe mai haƙora da ke juyawa tare da taya, da sensa da ke ƙirga haƙoran. Ƙirgar tana zuwa wani akwati a gidan inji, wanda bututun birki suka ratsa ta cikinsa, mai ɗauke da famfo da bawuloli da 'yar ƙwaƙwalwarsa. Da ya ga wata ƙafa na shirin ƙullewa, sai ya sassauta mata mai, ya sake matsawa, sau da dama cikin daƙiƙa ɗaya.

A fara da neman ainihin cutar

Mafi yawan ABS ɗin da ake cewa ya mutu, akwatinsa lafiya lau yake. A fara duba batir da caji, domin wuta idan ta yi ƙasa fitilar takan kama. A duba fiyus. A bi wayar kowane sensa daga ƙafa har zuwa soket ɗinta. Gargada da ƙaya da ruwan fadama suna cin waɗannan wayoyi, ga kuma yaron gareji da kan finciko su garin sauya shokozoba. A zaro sensa a goge laka da garin ƙarfe da suka manne a bakinsa. A tsofaffin motoci irin Golf 3, mai wayarin zai iya auna sensa da mita, lafiyayye yakan nuna wajen om 1,000 da 'yan kai, kuma ƙafafun gaba biyu ya kamata su yi kusa da juna a awo. A ƙirga haƙoran zobe idan an taɓa sauya kan shaf, don ana yawan ɗaura wanda ba shi da zobe ko mai haƙoran wata mota. A motocin da suka biyo baya, zoben maganaɗisu ne a jikin boris, idan aka buga boris a juye sensa ba zai ga komai ba. Wanda ya samu zuwa Sakkwato ko Gusau, ya biya a jona wa motar kwamfuta, za ta faɗi ƙafar da ke da matsala.

Cutar da ta isa a yi maganar cirewa ita ce ta cikin akwatin kansa: yana yoyon mai, ko feda tana nutsewa alhali masta sabo ne, ko wata ƙafa ba ta samun mai, ko tana riƙewa ba ta saki, ko ƙwaƙwalwarsa ta ƙone. Ko a nan, abin da na fi so shi ne a nemo irinsa na hannu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, mai lamba ɗaya da ta jikin tsohon. Amma na san halin da ake ciki. Tafiya a wannan yanki ba ta da sauƙi yanzu, akwatin na hannu yana iya zuwa da tasa cutar, mai mota kuma da ita yake ciyar da gida. Idan an kai ga cirewa, to a cire da ilimi.

Aikin ɓoye da akwatin yake yi

Idan aka taka birki, nauyin mota yakan zubo gaba, baya ya yi sauƙi. Idan aka ba ƙafafun baya ƙarfin mai daidai da na gaba, su za su fara ƙullewa, motar da bayanta ya ƙulle kuma juyowa take yi, gindi ya dawo gaba, daga nan sai wuntsilawa idan akwai gangare a gefen titi. Saboda haka kowace mota tana da abin da ke rage wa baya ƙarfi. Dattawan kanikawa da suka yi aikin Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, sun san shi: bawul ne a ƙarƙashin mota ta baya, da hannu da sifirin da ke jin nauyin lodi. Idan motar ba kowa, ya rage ƙarfi sosai. Idan an cika ta da buhunan albasa, ya ƙara buɗewa. Golf 3 marasa ABS da Hilux ma da irinsa suka fito.

Daga tsakiyar shekarun 1990, kamfanoni suka fara cire wannan bawul suna ɗora aikinsa a kan akwatin ABS. To ka ga wanda ya zare akwatin ya haɗa bututu kai tsaye, ya zare abu biyu ne yana zaton ɗaya ya zare. Motar za ta yi ta tafiya lafiya wata da watanni, har ranar da aka taka birkin gaggawa a kan kwalta mai ruwa. Haka nan wanda ya cire fiyus ya ce ya kashe ABS, ya kashe har da mai raba ƙarfin. Littattafan motoci da dama sun yi gargaɗi a kan haka: idan fitilar ABS da jar fitilar birki suka kama tare, ƙafafun baya na iya ƙullewa. Cire fiyus dabara ce ta isa gareji a hankali, ba magani ba ne.

Abu na biyu shi ne rabon layi. Masta ɗaki biyu gare shi, kowane ɗaki da ƙafafunsa biyu, don idan bututu ɗaya ya fashe a samu abin tsayawa. A motocin da ke ja da gaba, rabon a gicciye yake: gaba ta hagu da baya ta dama layi ɗaya, gaba ta dama da baya ta hagu ɗaya layin. A motocin da ke ja da baya, akasari gaba daban, baya daban. Na taɓa leƙa gidan injin wata motar haya na ga an tara ƙafafu huɗu a mahaɗa guda, an toshe ɗaya bakin masta da noti. Ranar da tiyo ɗaya ya fashe a wannan mota, feda za ta tafi ƙasa, babu abin da zai rage sai birkin hannu.

Kafin a kwance noti ko ɗaya, a gane irin motar. Idan aka leƙa ƙasa aka ga bawul ɗin lodi yana nan duk da ABS, aikin ya zo da sauƙi. Idan babu, dole a samo shi. Akwai kuma wasu tsofaffin motoci na ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, kamar wasu Passat da Golf 2, da aka haɗe masta da famfo da ABS a jiki ɗaya, babu baƙar gangar nan ta busta a bayan masta. Irin wannan tana da wani ƙwallo da ke ajiye mai a matse, idan an kwance shi kai tsaye man na iya feshe wa mutum ido. A kashe makulli, a taka feda sau arba'in har ta yi tauri, sannan a taɓa. Ita cire mata ABS yana nufin sauya masta da busta gaba ɗaya. Su kuwa motocin da suka fito daga wajen 2000 zuwa sama, da yawansu malejin gudu, wani lokaci har giyar otomatik, daga akwatin ABS suke samun labarin gudun mota. Shawarata a kansu ita ce kada a cire, a gyara.

Hanya mafi aminci ita ce kwaikwayon kamfani. A nemi gawar mota irin taka sak, wadda ta fito ba ta da ABS, a ciro mastanta da bawul ɗinta da hannunsa da sifirin, da bututunta idan ba su yi tsatsa ba. Sau da yawa mastan marar ABS baki huɗu gare shi, na mai ABS biyu. Idan na baki biyu za a bari, ana bukatar mahaɗa biyu masu baki uku-uku, na birki na ainihi, kowane layi da tasa. A motar da rabonta ke gicciye, bawul ɗin baya mai hanya biyu ne, kowace ƙafar baya da tata hanya.

Yadda ake aikin

A ajiye mota a wuri mai tauri, a sa mata waigi, a ɗaga ta a ɗora kan ƙafafun ƙarfe. Jak kaɗai ko bulo a kan yashi ba abin shiga ƙarƙashi ba ne. A cire kan batir na maras wuta. A zuƙe tsohon mai daga tankinsa da sirinji, a shimfiɗa tsumma, domin man birki yana cin fenti.

Sai a yi wa bututu alama tun suna ɗaure. A jikin akwatin akwai haruffa kusa da kowane baki. A motocin Jamus za a ga VL da VR na gaba, hagu da dama, HL da HR na baya. A na Japan, FL da FR da RL da RR. Sauran biyun daga masta suke zuwa. A ɗaura wa kowane bututu tef a rubuta sunansa, a ɗauki hoto da waya. Bayan an kwance, bututu shida duk kamarsu ɗaya, kuma oga da kansa yakan rikice, balle yaro.

A kwance notunan da sufanar bututu, mai tsaga a baki, lamba 11 a yawancin motocin Turai, 10 a na Japan. Sufana ta yau da kullum takan cinye kan noti, filaya kuwa ba ta da wuri a wannan aiki. A zare soket, a kwance akwatin daga mazauninsa. Duk bakin da aka buɗe a rufe shi nan take, musamman lokacin hunturu, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta yanke robar masta.

A wajen haɗa bututu ne ake yawan yin ganganci, don haka zan ɗan tsaya a nan. Mai faci yakan ba tayar ƙaramar mota iska 32 zuwa 35 a gejinsa. A wannan ma'auni, man da ke cikin bututu lokacin birkin gaggawa yana haura 1,000. Tiyon fetur da aka ɗaure da kilif ba zai riƙe wannan ba. Walda ba za ta riƙe ba, dalma ma haka. Bututun jan ƙarfe na firiji yana taurara da jijjiga ya tsage, hanyoyinmu kuma jijjiga ce zalla. Abin da ake so shi ne bututun birki na ainihi, mai kaurin milimita 4.75, a yanke shi daidai, a yi masa baki da na'urar yin baki. Bakin kuma iri biyu ne: motocin Turai nasu kumburarre ne kamar ƙwallo, na Japan a lanƙwashe yake ciki kamar mazurari. Zaren notin na iya zama ɗaya, ya shiga ya ɗauru, amma idan baki bai dace da mazauninsa ba zai riƙa tsattsafo, wata rana ya saki. A fara ɗaura kowane noti da yatsu, sai ya shiga sumul sannan a sa sufana. Ba a naɗa wa zaren birki farin tef na masu famfo, don ba zare ne ke tare mai ba, baki ne.

A bi da bututun ta hanyar da kamfani ya bi, a maƙale su da kilif-kilif ɗinsu, nesa da salansa da shaf da sandar sitiyari, kada su goga da ƙarfe. Bawul ɗin lodi a ɗaura shi a mazauninsa, a saita sifirin ɗinsa motar tana tsaye a kan tayoyinta. Idan an ƙara wa motar sifirin na baya don ɗaukar kaya, kamar yadda ake yi wa motocin haya, saitin zai canza, sai gwaji ya nuna inda ya dace. Akwai masu murƙushe bututun baya ko su cusa masa ƙusa, su ce ai birkin gaba ya isa. Motar da ta ɗauko mutum goma da buhunan gero a but, birkin gaba kaɗai zafi zai yi ya daina kamawa.

Soket ɗin akwatin a naɗe shi da kyau don ruwa, a ɗaure shi gefe. Sensa a bar su a mazauninsu. Jar fitilar birki kada a kuskura a kashe ta, ita ce ke faɗa maka mai ya yi ƙasa. Idan ta ƙi mutuwa bayan an cire akwatin, mai wayarin ya raba ta da layin ABS, ta ci gaba da aiki da tankin mai da birkin hannu.

Mai da fitar da iska

A zuba sabon mai daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba, DOT 4 ko DOT 3, gwargwadon abin da aka rubuta a murfin tanki. Man birki yana shan danshi. DOT 4 sabo sai zafi ya kai digiri 230 yake tafasa, amma idan ya sha ruwa yana saukowa wajen 155, shi ya sa ake sauya shi duk shekara biyu. Wanda aka rubuta wa DOT 5 ba ya gauraya da waɗannan. Ruwan omo da wasu ke zubawa idan mai ya ƙare a daji yana tsatsar da komai daga masta har kalifa.

Idan masta aka sauya, a fara fitar masa da iska shi kaɗai kafin a jona bututu. Sannan ƙafa-ƙafa, ana farawa da wadda ta fi nisa da masta, wato baya ta dama a motocinmu, sai baya ta hagu, gaba ta dama, gaba ta hagu, in dai littafin motar bai ce wani abu daban ba. Mutum biyu ne: ɗaya ya taka sau uku ya riƙe, ɗaya ya buɗe nonon ya rufe, sannan a saki. Tanki kada ya bushe, in ya bushe an koma farko. Idan ƙafafun baya suna reto a sama, bawul ɗin lodi yana ɗaukar motar ba kaya, ya tsuke hanya, mai ya ƙi fitowa. A tura hannunsa ɓangaren lodi a riƙe har a gama.

Gwaji

Inji a kashe, a taka feda da ƙarfi a riƙe minti ɗaya. Kada ta motsa. Wani ya bi kowace mahaɗa da farar takarda yana dangwalawa, ko ɗigo aka gani aiki bai ƙare ba. A tada inji ƙafa tana kan feda, za ta ɗan sauka kaɗan ta tsaya, alamar busta na aiki ke nan.

Daga nan a fita fili mai burji, inda babu yara babu dabbobi. A fara da gudun kilomita 20, a taka da ƙarfi. Mutum ɗaya ya tsaya gefe daga nesa yana kallon tayoyi. Abin da ake nema shi ne na gaba su riga ƙullewa, na baya su biyo ko su ci gaba da juyawa, motar kuma ta tsaya a miƙe. A sauko a duba sawun da ta bari a ƙasa. A ƙara zuwa 40, sannan 50, a maimaita a kwalta idan hanya ba kowa. A gwada ba kaya, domin a nan ne baya ya fi saurin ƙullewa, a kuma gwada da lodin da aka saba ɗauka. Idan baya ya riga gaba ko sau ɗaya, ko motar ta karkata gefe, a koma gareji a sake saitin bawul, kada a ɗauki fasinja.

Direban da ya saba da ABS sai ya sake koya wa ƙafarsa aiki. Da can ana danne feda ne a bar na'ura ta yi sauran. Yanzu idan ka ji taya ta ƙulle, ka ɗan sassauta har ta juya, ka murza sitiyari, ka sake matsawa. A ƙara tazara tsakaninka da ta gaba, musamman a ruwan farko, lokacin da ƙura da man da suka kwanta a kwalta ke zama santsi. Duk direban da za a miƙa wa makullin motar a gaya masa an cire, haka ma wanda zai saye ta. Bayan mako guda ana bin gargada, a sake ɗaga motar, a bi mahaɗun nan da farar takarda, a duba ko wani bututu ya fara goga da ƙarfe, a leƙa tankin mai a ga ko yana inda aka bar shi.